An Kunna wa Vernice Kyandir

Ta ƙofar baya aka shigo da Vernice Tillery ranar da aka sallame ta daga asibiti. Motar asibitin ta bi ta lungu, inda ake ajiye durom ɗin shara, domin ranar Laraba ce, kuma ƙofar gaba cike take da masu jiran ganin lauya. Ciwon suga ya ci ƙafarta ta hagu, likitoci sun yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ma'aikatan motar biyu suka ɗauke ta a kujera, ƙanenta Alton yana gaba yana nuna musu hanya, suka wuce kicin, suka kama matakala.

"Ina za ku kai ni?" in ji ta. "Ba falon ƙasa muka yi da kai ba, Auta?"

"Na ɗan lokaci ne, Yaya. Da na samu ofis a bakin titi za a kwashe teburan nan, a sauko miki da gadonki. Kin dai ga mutane, ba na kore su yau ba."

Ba su tsaya a hawa na biyu ba, don nan ne Alton da matarsa Renita suke. Can ƙololuwa suka kai ta, ɗakin baya na hawa na uku, inda a da ake jibge akwatuna da kayan Kirsimeti. Aka jingine keken guragunta a bango, a ɗakin da bai da filin da keke zai juya.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta yammacin birnin Baltimore na Amurka ya san Lauya Alton Tillery, ya kuma san labarinsa, don ba ya gajiya da ba da shi. A coci ya ba da shi, a makaranta ya ba da shi, a bikin layi ma in an miƙa masa abin magana sai ya ba da shi. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara shida. Yayarsa Vernice ta bar makaranta, ta riƙa bin gidaje da bokiti da buroshi tana goge fararen matakalun ƙofar mutane har ya zama lauya. Da ya zama, bai gudu bayan gari kamar sauran ba. Ya dawo gidan da aka haife shi, ya mai da falon ƙasa ofis, kowace Laraba yana sauraron 'yan haya kyauta. Zaman yana da doka ɗaya da kowa ya sani: layi ake bi, ko fasto ne ya zo sai ya jira, kuma tambaya ɗaya Alton yake yi wa kowa daga bakin ƙofa, "Me aka yi maka, kuma wa ya yi maka?" Wannan duk gaskiya ne, ba a rage masa komai. Mutane da yawa suna kwana a ƙarƙashin rufi yau saboda shi.

Tagar ɗakin Vernice lungu take kallo, kuma tsohon fenti ya liƙe ta, ba ta buɗuwa. Abin da ya haɗa ta da sauran gidan shi ne ramin iskar ɗumi da ke ƙasan ɗakin, wanda ke kawo muryoyin falo tar kamar rediyo. Ta nan take jin ƙanenta yana aiki. Ta nan kuma ta ji ƙararrawar ƙofa ranar Lahadi ta farko, ta ji muryar Odessa, ƙawarta tun suna 'yan mata.

"Na kawo mata miyar kaguwa. Bari in hau in gan ta."

"Ayya, Mis Odessa, barci take," in ji Renita. "Likita ya ce kada a dame ta, ga kuma tsoron ƙwayar cuta a mikin. Kawo, zan ba ta."

Vernice ta ƙwala kira daga sama, amma rami muryar ƙasa yake kawowa, ba ya kai ta sama ƙasa. Miyar ta iso da yamma, a huce. Odessa ta sake zuwa, ta sake zuwa, kullum da sabon dalili a bakin ƙofa. Daga baya ta daina.

Wayar Vernice kuwa Renita ta karɓe ta tun makon farko. Ta ce 'yan damfara sun yi yawa, suna kiran tsofaffi suna yaudararsu, kuma ga idon Yaya ba ya ganin ƙananan rubutu, gara ta riƙe mata. Renita ba muguwa ba ce ta a-zo-a-gani. Tana kawo abinci a kan lokaci, tana canza zanen gado, tana zubar da fo tana kau da kai. Sai dai duk abin da take yi, da sauri take yin sa, hannu ɗaya a kan ƙofa.

Asibiti sun sa wa Vernice ranakun zuwa a auna mata ƙafar roba, a koya mata tafiya. Ranar farko ta yi wanka da soso a kwano, ta sa rigarta mai furanni, ta zauna a bakin gado tun safe. Alton ya hauro da rana tsaka, jakarsa a hannu.

"Yaya, na kira su na ɗaga. Babu masu ɗauka. Kin san bayana, ba zan iya ni kaɗai ba, kuma matakalar nan in aka sake ki aka faɗi, shi ke nan."

"Samarin layi fa? 'Ya'yan Mista Gaskins ƙarti ne, ni na yi musu wanka suna jarirai."

"Ba a sa kowa da kowa irin wannan aikin. In wani ya ji ciwo a gidana, ni doka za ta kama. Ki bar ni in nemo waɗanda suka iya."

Aka ɗaga rana ta biyu, aka ɗaga ta uku, har asibitin suka daina kira. Gwiwar da aka bar mata ta fara ƙagewa a lanƙwashe saboda zama, ɗaya ƙafar kuma ta soma kumbura. Ta rame a fuska, ta yi nauyi a jiki.

Wata Laraba ta ji shewa da tafi ta cikin ramin. Alton ya ci shari'ar wani dogon gini na tsofaffi inda na'urar hawa ta lalace tun bara, mai ginin ya ƙi gyarawa. Ta ji shi yana maimaita wa mutane abin da ya faɗa wa alƙali, cewa duk wanda ya bar gurgu a saman bene ba hanyar sauka, ya ɗaure shi ne ba tare da shari'a ba. Da ya hauro da yamma fuskarsa cike da fara'a, ta bar shi ya gama ba ta labari.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce. "Ni yaushe za ka shigar da tawa?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗarta. "Yaya ke nan, bakinki bai mutu ba. Naki daban ne, ai ke a gida kike. Su kuwa ba su da kowa."

"Falon fa?"

"Ki yi tunani mana. Talaka ya shigo da takardar kora a hannu, ya tarar da gadon mara lafiya da fo a inda zai zauna? Mutum nawa ne suka dogara da ɗakin nan? Ke kika koya mini a fara duba na waje."

Ita ta koya masa, ba ta musa ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, da maganarta yake rufe mata baki.

Da bazara ta shigo, ta fara jin ƙarar ƙarafa a jikin bangon gefe. Gidansu shi ne na ƙarshe a jeri, bangonsa ɗaya yana kallon wani fili da aka rushe gidan da ke cikinsa. Alton ya ce abin mamaki ne yake shirya mata. Ƙungiyar unguwa za ta karrama shi, shi kuma ya ce in dai karramawa ce, a zana wadda ta yi shi. Da aka gama ya kawo mata hoton a wayarsa, ya buɗa mata shi da yatsu. Ita ce tana budurwa, a durƙushe da bokiti a gaban farar matakala, tsayinta ya kai hawa uku. A bayanta shuɗin sama ne da gajimare, ga fararen kurciyoyi suna tashi ta saman kanta, ga sunanta da manyan baƙaƙe.

"Kurciyoyin na mene ne?"

"Mai zanen ne ya ƙara. Ado ne kawai."

A unguwarmu ba a zana mai rai a bango. Wanda aka harbe ake zanawa, ko wanda ciwo ya ɗauke, kuma mai zanen da aka ɗauko duk aikinsa na mamata ne, shi ya sa hannunsa ya tafi ga kurciya ba tare da an ce masa ba. Alton a nan aka haife shi, ya san wannan sarai.

Vernice kuwa sai da ta ji waƙa ta gane. Wata safiya ta ji muryoyin mata suna rera waƙar da ake yi a coci in an shigo da akwatin gawa. Ta ja jiki zuwa taga, ta manna kumatu a gilashi. Daga nan ana hango kusurwar filin. Ko da idonta ya yi rauni, ta ga kyandirori a cikin kwalabe an jera a gindin bango, da balan-balan, da furannin roba. Ta ga farar hular Odessa.

"Ko jana'iza ba a gaya mana ba," in ji wata murya.

"An ce a jihar Virginia aka yi, wurin dangin uwarsu."

"Ni na tare lauya jiya na yi masa gaisuwa. Bawan Allah, ya riƙe hannuna ya kasa magana."

"Sau nawa ina zuwa ƙofar nan," in ji Odessa. "Da na sani da na ture yarinyar nan na hau."

Vernice ta buga gilashin da tafin hannu, ta buga da kofin roba har ya tsage. Motar shara ta shigo lungun da rurinta, matan suka watse.

Ba ta taɓa abincin rana ba. Da Alton ya hauro, ta ce ya rufe ƙofa ya zauna.

"Auta, na mutu ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa ce wa kowa kin mutu ba. Ko sau ɗaya."

"Ka ce musu ban mutu ba?"

"Abin ne ya zo ba shiri. Wata tsohuwa ce ta fara rungume ni a titi tana kuka, na rasa ta inda zan fara. Kafin in farga ya bazu."

"To gobe ka fita ka faɗa. Ko ka sauko da ni in zauna a ƙofa, ba sai ka ce komai ba."

"Ranar Asabar ne bikin buɗe zanen. 'Yan jarida za su zo, da mutanen da ke tallafa wa zaman Laraba. Yanzu in na fito na ce kina sama duk watannin nan, me za a ce da ni? Masu gidajen haya jira suke su samu abin da za su shafa mini. Ba ni za a rusa ba, Yaya, mutanen nan za a rusa. Ki bari a wuce Asabar, ni da kaina zan gyara komai a hankali."

Ta dube shi. Fuskar nan ita ta wanke ta kowace safiya har ya iya wankewa da kansa. Ta nemi kunya a cikinta ba ta samu ba, tsoro kawai ta gani, kuma ba tsoron rasa ta ba ne.

"Je ka," ta ce. "Na ji."

Ranar Laraba Renita ta fita gyaran gashi saboda biki. Vernice ta sa rigarta mai furanni, ta ɗaure dungun ƙafar da tawul, ta zame daga gado zuwa ƙasa. Da mazaunai ta kama matakalar, tana dafa bango, tana sauke ƙafa ɗaya ta bi ta da jiki. Kowace sauka sai zafin ya harba mata har ƙeya. A hawa na biyu ta kwanta a kan katako ta huta, tana kallon hotunan bikin auren ƙanenta a bango, sannan ta ci gaba. Kafin ta kai ƙasa jini ya ɓullo ta tawul ɗin.

Zauren cike yake, mutane a kan kujerun ƙarfe a jere, kowa da takardunsa a cinya. Wata yarinya mai goyo ce ta fara ganinta, ta kira sunan Allah ta miƙe. Mista Gaskins ya cire hularsa bai san ya cire ba. Odessa tana can kusa da ƙofa, ta zo kan maganar rufinta da ke yoyo. Jakarta ta faɗi.

"Vernice? Ke ce, ko idona ne?"

"Ni ce, Dessa. Miyarki ta iso, gishiri ya yi mata yawa."

Odessa ta durƙusa ta rungume ta tana kuka tana zaginta a lokaci ɗaya. Mutane suka taso za su ɗaga ta, suna cewa a buga wa lauya ƙofa.

"Kada wanda ya buga," in ji Vernice. "Wa ne na ƙarshe a layi?"

Ta zauna a matakalar ƙarshe ta jira. Aka shiga aka fito, aka shiga aka fito, ba wanda ya iya gaya masa komai a ciki. Da layi ya zo kanta, Alton ya buɗe ƙofa yana duban takarda a hannunsa.

"Na gaba. Me aka yi maka, kuma wa ya..."

"Sunana Vernice Tillery," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ƙafata ɗaya. Mai gidan da nake ya ajiye ni a hawa na uku tun kaka, ba hanyar sauka. An karɓe wayata, an hana baƙina hawa, an hana ni zuwa asibiti. Yanzu kuma an kunna mini kyandir. An ce kai ne ka iya irin wannan shari'ar."

A nan ne mutum zai iya faɗuwa a gaban yayarsa ya ce na yi laifi, kuma da ya yi, da ta yafe masa kafin ya rufe baki, kowa ya san halinta. Alton ya durƙusa kuwa. Ya kama hannunta da tausayi, ya juyo ga mutane.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Abin da nake ta ɓoyewa ke nan don mutuncinta. Tun bayan aikin da aka yi mata kanta ya ɗan taɓu, magungunan suna rikita ta. Ban so ku gan ta a haka ba." Ya juyo gare ta. "Yaya, zo in mai da ke ɗaki."

Ta zare hannunta. Yanke ƙafa bai yi mata zafin wannan ba.

"Alton Tillery," in ji Odessa, "na san ka tun kana fitsarin kwance. Matar nan ta fi ka hankali yau, ta fi ka jiya. Gaskins, kira 'ya'yanka."

Ƙartin biyu suka zo, suka ɗauke ta kamar ba komai, suka fita da ita ta ƙofar gaba. Ta ce su dakata a kan matakalar waje. Farin dutsen ya yi dauɗa, ya koma ruwan toka, da alama tun da ta kwanta ba wanda ya sa masa buroshi. Ta shafa shi da hannu, ta ɗaga kai ta sha rana, sannan ta ce su tafi.

A cikin zaure kuwa ba wanda ya bar kujerarsa. Mai goyo tana da zaman kotu washegari, wani an yanke masa ruwa, wata an ba ta mako ta kwashe kayanta. Suka sunkuyar da kai, da aka ce na gaba, na gaba ya tashi ya shiga. Kafin yamma an kwashe kyandirorin, labari kuma ya rabu biyu a layi: masu cewa lauya ya ci amanar yayarsa, da masu cewa ai ciwon ruɗewa sai wanda ya yi jinya ya san shi. Na biyun sun fi yawa, don sun fi bukatar Laraba.

Odessa ta sa mata gado a falonta na ƙasa, kusa da taga mai buɗuwa. Likitan da ya duba ta ya ce gwiwar ta riga ta ƙage, da wuya ƙafar roba ta zauna, da an kawo ta tun farko da yanzu tana takawa.

Ranar Asabar da hantsi, ana jin kiɗa daga filin, aka ƙwanƙwasa ƙofar Odessa. Renita ce cikin sabon gashi, a bayanta maza huɗu majiya ƙarfi sanye da baƙaƙen kwat, da sabon keken guragu mai sheƙi.

"Yaya, Alton ya ce a zo a ɗauke ki. An ajiye miki wuri a sahun gaba, kusa da shi. Ya ce in mutane suka gan ku tare komai zai wuce."

Vernice ta leƙa ta bayan Renita, ta ƙare wa mazan kallo ɗaya bayan ɗaya, da kafaɗunsu da manyan hannayensu.

"Ashe akwai masu ɗauka," ta ce.

Renita ta kau da kai.

"Ki ce masa ya yi bikinsa da ta bangon. Ita ba ta jin yunwa, ba ta neman falo, kuma duk abin da ya faɗa a kanta ba za ta musa ba. Dessa, rufe ƙofar, iska tana shigowa."

Odessa ta rufe. Can a fili aka kunna abin magana, muryar lauya ta taso ta ratsa layin, yana fara ba da labarin yayarsa da bokitinta.